Otal a bakin teku a Zanzibar: Paje ko Kendwa, kuma wane tsarin abinci?

Abu_Hanan_Kawo
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Muna shirin hutun kwana shida a Zanzibar cikin watan Agusta, ni da uwargida da yara biyu, ɗan shekara 9 da 'yar shekara 4. Otal biyu nake dubawa, dukansu a bakin ruwa, ɗaya a Paje ɗaya a Kendwa. Na Paje ya fi araha sosai, hotunansa ma sun fi kyau. Akwai dalilin da zai sa in biya ƙarin kuɗin Kendwa? Na biyu, tsarin nan da ake biya sau ɗaya a ci a sha duk kwanakin, wanda suke rubutawa AI, ya cancanci kuɗinsa ga wanda ba ya shan giya?

MamanIlham_Malali
Wa alaikumus salam Abu Hanan. Bambancin kuɗin nan ba na gini ba ne, na ruwa ne. Paje tana gabashin Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, Kendwa tana arewa maso yamma. A gabas gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti, duwatsun murjani suna can nesa sun kare ta. Teku yana cikowa ya janye sau biyu a yini, kuma in ya janye a Paje ko Jambiani ko Matemwe, sai ruwan ya tafi ɗaruruwan mita, wani wurin fiye da kilomita guda. Abin da zai rage a gabanku jiƙaƙƙen yashi ne da ƴan kududdufai da gonakin ciyawar teku waɗanda matan ƙauyen ke nomawa. Hoton da ka gani a shafin otal lokacin cikar ruwa aka ɗauke shi, babu mai tallata ɗakinsa da hoton janyewa.

A Kendwa da wani sashe na maƙwabciyarta Nungwi ƙasa tana gangarawa da sauri, saboda haka ko ruwan ya ja baya ana iya shiga a kowane lokaci. Wannan kake biya wa.

Injiniya_Barnawa
Hajiya ta faɗi gaskiya, bari in sa lissafi a kai. Daga cika zuwa wata cikar awa 12 ne da minti 25, wato daga cika zuwa janyewa awa shida da ƴan mintuna. Kowace rana lokacin yana jinkirtawa da wajen minti 50. In ranar Litinin ruwa ya cika ƙarfe 9 na safe, ranar Alhamis sai wajen 11 da rabi. A gabas lokacin iyo mai kyau bai wuce awa biyu kafin cika da awa biyu bayanta ba.

Girman janyewar kuma da wata yake tafiya. A farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, 14 zuwa 16, shi ne ruwa ya fi cika ya fi kuma janyewa, bambancin yana kaiwa kusan mita 4. Wajen 7 zuwa 8 ga wata da 22 zuwa 23 kuwa motsin kaɗan ne. Don haka ɗauko kalandar Hijira ka ɗora kwanakinku a kai, sannan ka nemi jadawalin cika da janyewar tekun Zanzibar a intanet, kyauta ne, ana fitar da na shekara gaba ɗaya. Otal-otal na gabas ma suna rubuta na ranar a allo kusa da wurin karɓar baƙi.

Dan_TudunWada
Ikon Allah. Ashe teku ma da ganin wata yake aiki.

AntiBilki_URimi
Ni fa ban yarda a kashe wa Paje kasuwa haka ba. Mai yara ƙanana ne ya yi tambayar. Yarinya 'yar shekara 4 ba zurfi take nema ba. Ruwan da ya tsaya iya gwiwa, mai ɗumi, ba igiya, shi ne daidai da ita, kuma janyewar kanta abin kallo ce: ƙaguwa, ƙananan kifaye, taurarin teku. A Kendwa taku biyar zuwa shida ruwa ya shanye yaro. Wanda ya tashi a Kaduna, in ba ɗan bakin kogi ba ne, da wuya ya iya iyo na kirki, balle a teku. Mu faɗa wa kanmu gaskiya.

MamanIlham_Malali
Anti Bilki, na karɓi wannan. Amma ki haɗa da watan da ya ambata. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu ce ke kaɗawa, wadda suke kira kusi, kuma gabas take bugawa kai tsaye. Shi ya sa Paje ta zama matattarar masu wasan zamiya a kan ruwa da babbar lema mai igiyoyi. A Agusta gaban wasu otal ɗin cike yake da su, kuma igiyoyin nan suna da tsawon mita ashirin da wani abu, ba wurin sakin yaro ba ne. Iskar tana kuma turo ciyawar teku bakin gaɓa. In gabas ɗin ake so da yara, Pongwe ko Bwejuu sun fi Paje natsuwa.

AntiBilki_URimi
To a nan kin fi ni. Amma Kendwa ma tana da nata. Ana yin bikin kiɗa na daren cikar wata a bakin ruwan, har kusan asuba. Ya tambayi nisan ɗakinsa da wurin kafin ya biya.

Alhaji_Tikiti
Duk kun yi nisa cikin yashi, ba wanda ya tambayi mutumin ko yana da biza. Malam Abu Hanan, Zanzibar yankin Tanzaniya ce, kuma fasfon Najeriya yana cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Sai ka cike a shafin hukumar shige da ficensu, a tura takardunka a tantance, ka jira amincewa. Yana iya ɗaukar makonni, don haka ka fara aƙalla wata biyu kafin tafiya. Kowane mutum da tasa, har 'yar shekara 4 ɗin. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla.

Ga inda mutane ke asara: neman bizar yana buƙatar shaidar masauki, su kuma otal suna da farashi iri biyu, mai araha wanda ba a mayar da kuɗi in ka fasa, da mai ɗan tsada wanda za ka iya sokewa kyauta zuwa wata rana. Ɗauki na biyun. In biza ta fito sai ka duba ko za ka koma mai arahar. Tikitin jirgi ma haka, wanda ake iya ɗaga ranarsa.

Sauran takardu: katin rigakafin shawara, wanda muke kira yalo kad, dole ne ga mai fitowa daga Najeriya. Allurar sai ta kwana 10 kafin a karɓe ta, amma sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Ofishin lafiya na filin jirgi ne ke bayar da katin, kada ka sayi na hannun ƴan talla. Sannan tun 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorar gwamnatinta, dala 44 ga babba, tana aiki har kwana 92. Ko kana da wata inshorar sai ka sayi tasu. A intanet ake biya, ka buga takardar ka riƙe. Takardun haihuwar yaran ma su shiga jaka.

Abu_Hanan_Kawo
Allah ya saka da alheri Alhaji. Wallahi na ɗauka a can ake buga bizar. Ta wace hanya ce ta fi sauƙi daga nan?

Alhaji_Tikiti
Amin. Mafi sauƙi jirgin Habasha daga Abuja zuwa Adis Ababa, wajen awa 5, daga nan kusan awa 3 zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume na Zanzibar. Akwai ta Doha amma zagaye ne. In tikitinka a Darussalam ya tsaya, jirgin ruwa mai gudu yana tsallakar da kai cikin kamar awa 2, sai dai da yara da kaya ƙarin wahala ne, kuma a lokacin kusi tekun yana girgiza. Ku kwana Abuja ranar jajibiri, kada ka dogara da jirgin ƙasan Rigasa na safiyar ranar tashi.

Duba lokacin saukarku da kyau. Yawancin otal ƙarfe 2 na rana suke ba da ɗaki, a fita 10 ko 11 na safe. In tsakar dare za ku sauka, ka biya daren da ya gabata ka sanar da su a rubuce, in ba haka ba a kujera za ku zauna da yara har azahar. Daga filin jirgi zuwa Kendwa wajen kilomita 60 ne, awa ɗaya da rabi, Paje kamar awa ɗaya. Ku daidaita kuɗin mota kafin ku shiga. Agogonsu yana gaban namu da awa 2.

Bala_Kabala
Gyara kaɗan kan agogo. In direba ko mai kwale-kwale ya ce maka "saa moja asubuhi", ba ƙarfe ɗaya yake nufi ba, 7 na safe ne. Masu Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga. A ƙara awa shida ko a cire. Gara a rubuta lokacin da lamba a waya kowa ya gani.

Sani_Rigasa
Ni dai tambayata, kuɗin nan da za a kai wa teku ba su kai mutum Umara ba?

Admin_Hajjo
Malam Sani, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shawarar otal aka nema. A ci gaba.

Kuku_Mai_Ritaya
Bari in taɓa tambaya ta biyu, tunda an bar ta a baya. Haruffan nan huɗu ne. BB kwana da karin kumallo. HB karin kumallo da abincin dare. FB sau uku, ban da abin sha. AI komai da komai har abin sha da ƴan ciye-ciye tsakanin abinci. Otal yana lissafa farashin AI ne da tsammanin baƙo zai sha giya, don ita ce mai tsada a cikin tsarin. Kai da ba ka sha, kana tallafa wa na teburin kusa da kai ne.

Yadda za ka gane: ka rubuta musu su turo farashin HB da na AI na kwanaki ɗaya, da jerin farashin abincin rana da na abin sha. A ce bambancin dala 40 ne ga babba a rana. Ka tambayi kanka, abincin rana ɗaya da ruwa da lemo biyu za su kai dala 40? In ba su kai ba, HB. Sannan ka cire ranakun da za ku fita. Wanda zai je Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, rana ɗaya, gonar kayan ƙamshi da dajin Jozani wata ranar, ya riga ya yi asarar abincin rana biyu cikin shida.

Abubuwan da ake tsammani suna cikin AI amma sau da yawa babu: lemon da aka matse a gabanka, ruwan kwakwa, manyan jatan lande, abin da ke cikin ƙaramin firjin ɗaki, kawo abinci ɗaki, da gidajen abinci na musamman da ke cikin otal ɗin. Kuma a HB da FB ko ruwan kwalba a kan tebur sai an rubuta maka. Tsarin AI yakan ƙare da lokacin fita daga ɗaki, ba da lokacin tashin jirginku ba.

MamanIlham_Malali
Baba Kuku, wannan ya danganta da inda otal ɗin yake. A Paje da Nungwi kana fita ƙofa ga gidajen abinci da shaguna, ko BB ya isa. Amma akwai otal ɗin da ke tsaye shi kaɗai, sai an yi minti ashirin a mota kafin a ga shago. A can mai HB kamamme ne, duk farashin da aka sa masa sai ya biya. Yara kuma ba sa cin abinci da agogo. A irin wannan wurin AI yana da amfani ko ba giya.

Kuku_Mai_Ritaya
Haka ne 'yata. Akwai kuma na tsakiya da ba kowa ya san da shi ba, wasu otal suna da AI marar giya mai rahusa, ba sa sa shi a shafi sai an tambaya. Tambaya ba ta cin kuɗi.

Batun halal: mutanen Zanzibar kusan duk Musulmi ne, naman kasuwa yankan Musulmi ne, amma manyan otal na Turawa suna ajiye naman alade a karin kumallo, yawanci a gefe guda da alama. Abin lura shi ne farantin suya da cokalin ɗiba, ko ɗaya ake amfani da shi. Sai miyar da aka dafa da giya da wasu kayan zaƙi. Ranar farko ka nemi shugaban masu girki ka gaya masa, zai zagaya da kai ya nuna. Kifi, shinkafar pilau, wake da kwakwa, capati, duk lafiya. Abincinsu ba shi da yaji irin namu, a tafi da yajin gida a roba mai murfi. Ban da leda, Tanzaniya ta hana shiga da jakar leda tun Yunin 2019.

Ummu_Sadiq22
Ba wanda ya yi maganar uwargida. Ita ina za ta yi iyo? Gaɓar tekun can ta kowa ce, otal ba ya mallakar yashin da ke ƙasa da iyakarsa, kowa yana wucewa. In sirri take so, hanya ɗaya ce tabbatacciya, ɗaki mai ƙaramin wurin iyo nasa da katanga. A nemi hoton katangar daga ciki, don wasu da ƴan shuke-shuke kawai aka kewaye su, na saman bene yana hangowa. In kuɗi bai kai nan ba, a sayi rigar iyo mai rufe jiki, ta yadin iyo na ainihi. Yawancin otal ba sa barin a shiga wurin iyonsu da atamfa ko rigar auduga, kuma a teku doguwar riga ko hijabi mai faɗi haɗari ne, yana shan ruwa ya yi nauyi ya naɗe ƙafa. Bayan sallar asuba zuwa 8 bakin ruwa kusan babu kowa.

A kuma shirya wa yara bayani tun daga gida, don za su ga shigar da ba su saba gani ba.

Gwaggo_Badarawa
A sa buta a kaya. Na faɗa. Ba kowane banɗaki ke da tiyo ba.

Injiniya_Barnawa
Gwaggo ta gama magana. Kan ɗaki kuma, a kula da kalmomi. "Otal a bakin teku" ba ya nufin ɗakinka yana bakin teku. Akwai mai kallon lambu, akwai mai hangen teku ta gefe, wanda sai ka leƙa ta baranda ka karkata wuya, akwai mai fuskantar teku, akwai wanda ƙofarsa ke buɗewa kan yashi. Kowanne da kuɗinsa. Buɗe taswirar Google a hoton sama ka ga ko akwai titi ko wani gini tsakanin otal da ruwa, ko kuma a kan dutse yake sai an sauka matakala. A wasu sassan Nungwi in ruwa ya cika yashin yana ɓacewa ɗungurungum har gindin katanga.

Ka tambaye su a rubuce: ɗakin yana ɗaukar manya biyu da yara biyu, ko sai an kama biyu masu ƙofa a tsakani? Shekara nawa suke lissafawa yaro? Yawanci ƙasa da 12 ne, amma ba duka ba, kuma akwai otal ɗin da ba sa karɓar yara sam. Akwai esi ko fanka ce kawai? Gidan sauro fa? Janareta tana ɗaukar esi ko fitila kaɗai? Wutar Unguja ta wayar ƙarƙashin teku take zuwa daga babban yankin Tanzaniya, kuma daga Disamban 2009 zuwa Maris ɗin 2010 tsibirin ya yi wata uku babu wuta da layin ya lalace. An sa sabon layi daga baya, amma ɗaukewa tana nan. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajarku za ta shiga.

Ruwan famfo ba na sha ba ne, a wasu wuraren ma da ɗan gishiri-gishiri. Kaya kuma ba sa bushewa kamar a Kaduna saboda laima, kowa ya tafi da rigar iyo biyu.

Malam_Na_Zawiyya
Abu biyu na sallah. Alƙibla a Zanzibar arewa ce, kusan cak, don Makka tana saman tsibirin a taswira. Wanda ya tsaya ya kalli gabas bisa sabo ya kalli Tekun Indiya ne. Na biyu, a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya daina ƙasaru da isarsa. Kwana shida a otal ɗaya, sallah cikakkiya ke nan. Ruwan teku kuma ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa, ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Masallatan ƙauyukan suna kusa, galibinsu Shafi'awa ne, za ka ji basmala a bayyane, kada ya dame ka.

Abu_Ammar_Kinkinau
Malam, a kan kwana huɗun akwai saɓani, Hanafiyya 15 suka ce.

Malam_Na_Zawiyya
Akwai, shi ya sa na ambaci mazhabar. Mai sha'awar tarihi kuma ya je Kizimkazi a kudu, masallacinsu yana da rubutun Kufi mai tarihin shekara ta 500 bayan Hijira, 1107 ke nan.

Nas_Halima_44
Na lafiya. Kowa ya samu takalmin roba mai tauri na shiga ruwa, musamman a gabas. Akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya da ke maƙale a duwatsu, in aka taka ta ƙayar tana karyewa cikin ƙafa. A jiƙa ƙafar a ruwan zafi iya wanda fata za ta jure, minti 30 zuwa sama, a cire waɗanda suka fito da hantsaki, kada a tona da allura. In ta shiga gaɓa ko wurin ya kumbura ya yi ja, asibiti. Yankan murjani ƙarami ne a ido amma yana saurin ruruwa, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta nan take.

Masu fita yawo in ruwa ya janye su duba lokacin dawowarsa. A shimfiɗaɗɗen wuri ba ta gaba kaɗai yake zuwa ba, yana cika ramukan da ke bayanka tukuna. A juyo da zarar lokacin mafi janyewa ya yi. In kuma igiya ta ja mutum ciki, kada ya yi kokawar komowa kai tsaye, ya bi gefe, tsawon gaɓa, har ta sake shi. Ba kowane otal ke da mai ceto ba. Duk kwale-kwalen da ba shi da rigar kariya daidai jikin yaro, kada a hau, ko an riga an biya.

Baƙar fata ma tana ƙonewa, kafaɗa da hanci su fara saɓa a kwana na uku. Man kariya mai lamba 30 zuwa 50, a sake shafawa duk awa biyu da bayan fitowa daga ruwa. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a can amma bai ƙare ba. A tafi da gishirin ORS da maganin zazzaɓin yara. Kada a shimfiɗa tabarma a gindin kwakwa mai ƴaƴa.

Dan_TudunWada
Duk wannan wahalar, ba gara tsibiran Maldives ba? An ce can ruwa ba ya guduwa.

Alhaji_Tikiti
Ba ya guduwa sosai, aljihu ne ke guduwa. A can kowane babban otal tsibirinsa guda, ba shago ba maƙwabci, don haka maganar Hajiya Maman Ilham ta kamamme ta fi ƙarfi. Farashin da kake gani sau da yawa babu haraji: kashi 10 na hidima, sannan kashi 17 na gwamnati a kan jimillar tun Yulin 2025. Abin dala 100 ya zama 128.70. Ga harajin muhalli dala 12 kan kowane mutum kowane dare. Daga filin jirgin Velana zuwa otal mai nisa sai ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, ɗaruruwan daloli kan kowane kai, da rana kawai yake tashi, kaya kilo 20 da na hannu kilo 5. Wanda ya sauka da yamma sai ya kwana a Male, babban birninsu. Agusta kuma daminarsu ce. Mai son araha yana zuwa tsibiran da jama'a ke zaune irin Maafushi, inda aka halatta ƙananan masaukai tun 2009, babu giya, ga masallaci. Amma wannan wata muhawarar ce.

Hajiya_Canji
Mu dawo Zanzibar, batun kuɗi. Dala sababbi, marasa yagewa ko rubutu, tsofaffin bugu ana ƙin su, kuma takardar 50 da 100 ta fi ƙanana daraja a wurin canji. Canza wani abu zuwa shilin a gari ko filin jirgi don tasi, tukuici da kasuwa, ATM a ƙauyukan bakin teku kaɗan ne kuma kuɗi yana ƙarewa a cikinsu. Katin naira kada ka dogara da shi, ka tafi da katin asusun dala, ka gwada shi tun a gida. Otal da yawa suna ƙara wani kaso in da kati za a biya, wasu kuma suna riƙe kuɗin ajiya a katin ranar shiga, sakinsa yana iya kai makonni. Akwai harajin kwana na ƴan daloli kan kowane mutum kowane dare, galibi a wurin ake biya, ba ya cikin abin da ka biya a intanet. Daren ƙarshe ka karɓi lissafinka ka bi shi layi-layi, ba da safe mota tana jira ba.

Masu tallan yawo a bakin ruwa, waɗanda ake kira papasi, farashinsu ya fi na otal sauƙi, amma kada a ba da kuɗi gaba ɗaya tun jajibiri. Kanumfari da kirfa da masoro kuma a kasuwar Darajani ta Stone Town ake saye, ba a shagon otal ba.

Abu_Hanan_Kawo
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na duba kalanda kamar yadda Injiniya ya ce, kwanakinmu sun faɗo 12 zuwa 17 ga watan Musulunci. Wato janyewa mafi girma a Paje, kiɗan cikar wata kuma a Kendwa. Ina tunanin raba kwanakin, uku can uku nan.

Injiniya_Barnawa
Rabawa tana cin yini guda. Fita 10, tafiyar kusan awa biyu daga gabas zuwa arewa, jiran ɗaki zuwa 2, ga kuɗin mota na uku. In za ka raba, ka sa dare ɗaya na ƙarshe a Stone Town, kusa da filin jirgi, ku ci abincin dare a Forodhani, kasuwar abincin dare ta bakin ruwa, sauran biyar a wuri guda.

AntiBilki_URimi
A ranakun cikar wata a can janyewar takan faɗo ne da hantsi zuwa azahar, ruwa ya cika da sassafe da kuma la'asar. Lokacin da Ummu Sadiq ta ce uwargida ta fita ke nan, kuma lokacin da rana ba ta dukan yara. Ni har yanzu gabas nake, Bwejuu dai ba Paje ba.

MamanIlham_Malali
Da iskar Agusta? Anti, ruwan sassafe da kusi sai yaran sun yi rawar ɗari. Abu Hanan, matsa kwanakin da mako ɗaya in biza ta ba ka dama, ka ɗauki Kendwa da HB.

Malam_Na_Zawiyya
In ya raba uku da uku, maganar ƙasaru ma ta canza. A sake tambaya kafin a tafi.

Abu_Hanan_Kawo
To bari in fara cike bizar yau. Alhaji Tikiti, shaidar masaukin otal ɗaya ta isa, ko sai na kowane dare?